Yadda Muka Fito da Muryar Baba Tanko a Gangara

Mun tashi da asuba daga Tibiri, ana sallame salla muka faɗa mota, ni da direba da wani abokin aikina wanda ba ya fita ko'ina sai da buta da ƙunshin goro. Ban karya ba, ban ma ji yunwa ba, domin maganar da aka faɗa mini a waya jiya da la'asar ta riga ta cika mini ciki. Ku da kuke bina a wannan shafi kun san ni da cika baki a kan aikina na kwamfuta. To wannan karon shiru na bar gida.

Bari in gaya muku abin da ya fitar da mu. Ƙungiyarmu ta manoma da makiyaya tana da buro, wato ofis, guda uku, ɗaya a Cadakori, ɗaya a Agiye, ɗaya a Gangara. Aikinta sasanta rigimar gona da burtali, wato hanyar da aka ware wa dabbobi tsakanin gonaki. Da bazarar da ta wuce wani ya cusa kile ɗinsa, wato ɗan abin nan da ake ajiye fayil a ciki, a kwamfutar Agiye, ƙwayar cuta ta shiga ta yi wa takardunmu kaca-kaca. Ni ne na miƙe gaban kwamiti na bugi ƙirji na ce a ba ni kwamfutocin nan uku in sa musu tsarin da ɓarawo ba zai keta ba. Suka ba ni, na sa, na koma gida ina taƙama.

Tsarin ba irin wanda kuka saba ba ne. Yana raba kwamfuta ɗaki-ɗaki kamar babban gida. Akwai ɗakin da ke fita intanet, akwai na aikin yau da kullum, akwai kuma ɗakin ajiya wanda rezo, wato layin sadarwa, ba ya shiga cikinsa ko kaɗan. In za a duba wani abu da ke ajiye, ba a cikin ɗakin ajiyar ake buɗe shi ba. Tsarin yakan kafa wata 'yar rumfa ta wucin gadi, a duba abin a cikinta, ana rufewa ya rushe ta, duk mugun abin da ya laɓe a ciki ya tafi tare da ita.

A ɗakin ajiyar kwamfutar Gangara akwai wani abu da ba shi da na biyu. Bara, kafin Allah ya yi wa Baba Tanko rasuwa, sakatariyar buron, Malama Saude, ta bi shi da wayarta ya taka burtalin garin da ƙafa yana faɗin iyaka, itace bayan itace. Baba Tanko dattijo ne da manoma da Fulani duk suka yarda da bakinsa. A can kuwa iyaka ba a takarda take ba, a bakin dattijai take, in dattijo ya mutu bai faɗa ba sai rigima. Ni na kwashe muryar daga wayar na kulle ta a ɗakin ajiya. Wayar kuma da damina ta faɗa randa ta mutu murus.

Yanzu an yi girbi, shanu sun fara gangarowa. Malam Idi, babban ɗan marigayin, ya shuka wake har gindin wata tsamiya, ya ce nan gonar mahaifinsa ta kai. Arɗon Fulanin wurin ya ce tsamiyar cikin burtali take. Aka sa ranar kasuwa don a zauna a saurari muryar Baba Tanko, kowa ya amince zai bi abin da ta faɗa. Saura kwana biyu Malama Saude ta je ta gwada buɗe ta, shi ne ta kira ni.

"Malam, na danna sau biyu yadda ka koya mini," ta ce. "Murya ba ta fito ba, rubutu ne ya cika fuskar. Ba Hausa ba, ba Faransanci ba, ba Larabci ba. Alhaji ya ce ni na ɓata ta. Ya ce in ba ta fito ba ranar zama in ajiye masa makullin buro, kuma ya yi magana da mai gyaran waya na kasuwa ya zo ya wanke kwamfutar ya mayar da tsohon tsari."

Alhajin da take nufi shi ne shugaban reshen Gangara. Na ce mata ko wa ya tambaya kada ta ba da kalmar sirri, ina tafe. Na san in aka wanke kwamfutar nan muryar ta tafi har abada, kuma baiwar Allah nan za ta bar aiki da sunan wadda ta kashe shaidar mamaci a garin da kowa ya san gidansu.

Za ku ce me ya hana ni miƙewa Gangara kai tsaye. Tsoro ne ya hana ni. Na gwada irin wannan murya a kwamfutata ta gida ta yi magana lafiya lau, don haka ban san ciwon ba, kuma ba na son in yi gwaji a kan abin da guda ɗaya ne a duniya. Kwamfutar Cadakori tagwaye suke da ta Gangara, rana ɗaya na haɗa su, ga ta kuma kusa da mu. Shi ya sa muka bar babbar kwalta muka yi arewa. Gari na wayewa muka fara haɗuwa da amalanken shanu ɗauke da dammunan hatsi, wasu an tula musu kaya har ba ka ganin mai tuƙi sai ƙafafunsa. Bana Allah ya ba da, rumbuna sababbi a bakin kowane ƙauye. Mun tsaya wurin wata mai ƙosai, na dala ashirin ya cika takarda, direba ya ce a Maradi rabin wannan za a ba ka, kuma da harara.

A buron Cadakori muka tarar da sakataren, wani dattijo mai fara'a, ya tarbe mu kamar mun dawo daga Makka. Na waiga ban ga kwamfuta ba. Can na hango ta a kan kabad, an lulluɓe ta da zane mai tsabta, an ɗora mata tiren shayi.

"Baba, ya haka?" na tambaye shi.

"Ai tun ranar da ka tahi take hutawa," ya ce. "Mutanenmu ba su rubuto ƙara, magana suke aikowa ta waya. Ita kuwa in ka sa mata magana sai ta yi ta zane-zane. Sai muka koma ga wayarmu."

"To me ya hana ku gaya mini?"

"Haba ɗana, ka sha rana ka zo, ka wuni kana aiki, ko abinci ba ka ci ba. Sannan mu kira ka mu ce aikinka bai yi ba? Da wane ido?"

Wallahi kunya ta rufe ni. Wata biyar mutane suna rufa mini asiri, ni kuma ina yawo ina ba da labarin nasara. Na sauke tiren, na kunna ta, na tura mata wani saƙon murya daga wayata, na danna. Ga shi nan, rubutun banza ya cika fuska kamar an watsa tururuwa. Da na dubi saman tagar sai na saki wata dariya da ta sa abokin tafiyata ya ɗauka na zautu. Manhajar rubutu ce ta buɗe. Ashe muryar ƙalau take, hannun da bai dace ba aka miƙa wa ita.

Ga yadda abin yake. Kowane irin fayil akwai manhajar da aka naɗa ta riƙa buɗe shi in an danna. Takarda da tata, hoto da tasa. Ranar da na haɗa kwamfutocin nan na zauna na naɗa mai buɗe takardu, da mai buɗe jadawali, da mai buɗe hotuna, duk abin da buron birni ke buƙata. Murya ko a raina ba ta zo ba. Manhajar sauti tana nan cikin tsarin a zaune, ba wanda ya naɗa ta, shi kuma tsarin duk abin da bai san mai shi ba sai ya tura wa manhajar rubutu. Tawa ta gida kuwa na daɗe da gyara ta har na manta na taɓa yi.

Nan take, a cikin rumfar da ke buɗe, na ce daga yau irin wannan fayil manhajar sauti ce za ta buɗe shi. Na danna, sai ga muryata ta cika buron. Dattijo ya tafa hannu ya aika aka kawo fura da nono, mai kauri, irin wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Na sha na ƙoshi, na shiga mota ina gaya wa direba cewa irinmu ba mu da yawa a ƙasar nan.

Muka koma ta Maradi ba mu tsaya ba, muka ɗauki hanyar gabas. A shingen jandarma aka duba takardunmu, ɗaya daga cikinsu ya leƙo ya ga jakar kwamfuta ya tambaya ko ina iya gyara wayar da ta daina caji, na ce in na dawo. Bayan Cadawa mata sun jera tiya-tiyar aya a bakin titi, sabuwa fil, muka saya muna taunawa. Abin da ya fi burge ni a wannan hanya shi ne itatuwa. Gonakin ƙasar Agiye cike suke da gawo da kalgo da manoma suka bari suka girma a tsakiyar shuka, har wani wurin sai ka ce daji ne ba gona ba. Ina cikin yi wa abokina bayanin haka kamar ni na dasa su, wayata ta yi ƙara. Dattijon Cadakori ne.

"Ɗana, ka yi haƙuri, tunda ka ce mu riƙa faɗi," ya ce. "Na rufe, na sake buɗewa, ta koma gidan jiya."

Abokin tafiyata ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. Da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Mun shiga Agiye bayan azahar. Tasha cike da motocin ƙauye, kowace an ɗaure mata buhuna da awaki a sama, 'yan kabu-kabu suna kiran fasinja. Abokina da direba suka zauna cin shinkafa da wake, ni ko kallon kwanon ban yi ba, na wuce buro na buɗe kwamfuta ta uku. Na yi gyaran da na yi a Cadakori, ta yi magana. Na rufe, na buɗe, rubutun banza ya dawo. Na sake, haka. A karo na uku ina kallon rumfar tana rushewa sai na dafe kai. Kai, amma ni sakarai ne! A cikin rumfar wucin gadi nake yin gyaran, ita kuwa aikinta ke nan ta rushe da duk abin da aka yi a cikinta. Ni da hannuna na sa ta haka don tsaro, ga shi ta yi aikinta a kaina.

Da abokina ya shigo yana suɗe hannu na yi masa bayani yadda zai gane. Na ce duk rumfunan nan daga zubi ɗaya ake fitar da su, kamar yadda mai bulo ke fitar da bulo daga akwati ɗaya. In bulo ya fito a karkace, ka gyara shi da hannu, na gaba ma a karkace zai fito, sai ka gyara akwatin. Ya ce ai wannan ko magini ya sani. Na ce na gode.

Na buɗe zubin kansa, na shiga jerin da ke faɗin wace manhaja ke buɗe wane irin fayil. Na naɗa manhajar sauti ga irin muryar da waya ke ɗauka, da irin wadda ake turowa ta saƙo, domin ba iri ɗaya ba ne, da wasu iri biyu da na san za su iya zuwa wata rana. Tunda na shiga, na duba sauran. Taswirar gonaki na ba mai buɗe hotuna. Adireshin intanet kuma na sa in an danna shi a ɗakin aiki ya tafi ɗakin da ke fita waje ya buɗe a can, kada ya jawo wani abu ciki. Na rufe zubin, na kashe kwamfutar ɗungum, na kunna, na danna. Murya ta fito. Na sake kashewa na kunna har sau huɗu, domin yanzu ban yarda da kaina ba. Duk sau huɗun ta yi magana. Sai a lokacin na ce a kawo mini abincina, ya yi sanyi amma na cinye shi tas.

Kafin magariba na sami takarda na rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya da Hausa, da manyan baƙaƙe. Na yi ta kiran Malama Saude in gaya mata kada ta karaya, rezo ya ƙi. Direba ya ce hanyar Gangara ba ta yamma ba ce da wannan tsohuwar mota, dole muka kwana a Agiye.

Da sassafe muka wuce Gazawa, muka sauka daga kwalta muka yi kudu. Ranar kasuwar Gangara ce, hanyar ta cika da masu jakuna da amalanke da mata ɗauke da ƙoren nono. Motarmu ta kafe a yashi sau ɗaya, wasu masu zuwa kasuwa suka sauko daga amalankensu suka tura mu, ko godiya ba su tsaya ji ba. Sannan muka faɗa bayan wani garke, shanu farare masu dogayen ƙahoni, suna tafe a natse ba ruwansu da hon. Na ga yadda suke matsuwa inda gonaki suka cinye hanya daga hagu da dama, har ƙahon wata yana shafar dangar wake. Nan na gane maganar tsamiyar nan ba ƙarama ba ce. In aka rasa mai raba gardama, sanda ce za ta raba.

Rana ta ɗaga sosai muka isa. A ƙofar buro Alhaji shugaba yana zaune a kujera, fuska a murtuke, kusa da shi mai gyaran waya da kile a hannu. Kwamfuta ba ta nan.

"Ka ga aikin ɗiyar nan?" Alhaji ya ce tun kafin mu gama gaisawa. "Tun jiya ta ɗauke kayan ƙungiya ta tafi da su gida. Na aika sau uku, ta ce sai ka zo."

Ban rufe baki da ba shi haƙuri ba sai ga Malama Saude tafe, ta rungume jakar kwamfutar a ƙirji da hannu biyu, idanunta sun yi ja. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta gaishe ni, ba ta saki jakar ba. Na tambayi mai gyaran me ya yi niyyar yi. Mutumin kirki ne, bai ɓoye ba, ya ce yadda yake yi wa waya in ta rikice, a share komai a zuba sabo. Da na ce masa da muryar ta tafi, ya ja kujerarsa baya ya ce a'uzubillahi.

Sai na juya ga Alhaji, a gaban duk wanda ke wurin, na ce: "Alhaji, laifin nawa ne, ba nata ba. Ni na haɗa kwamfutar ban gaya mata wa zai buɗe murya ba. Da Malama ta bi umarninka jiya, da yau ba mu da shaida." Faɗin haka ya yi mini nauyi, ba zan yi muku ƙarya ba, amma ina faɗa na ji ƙirjina ya yi sakayau.

Muka shiga ciki. Hannuna har ya kai kan kwamfutar, sai na janye. Ita aka zarga a gaban mutane, ita ya kamata a gani ta gyara. Na ba ta takardar da na rubuta na koma gefe na harɗe hannu. Ta sa kalmar sirri, ta buɗe zubin, ta bi layi-layi da ɗan yatsa tana karantawa a hankali. A mataki na uku ta tsaya ta ce ai na tsallake wani abu, ban rubuta a tabbatar ba kafin a rufe. Gaskiyarta ne, na karɓi biro na ƙara. Ta gama, ta kashe, ta kunna, ta shiga ɗakin ajiya. Ta dube ni, na ɗaga mata kai. Ta danna. Sai muka ji tari, irin na tsoho, da kukan zabi daga nesa. Ta yi sauri ta tsayar da shi, ta sa bayan hannu ta share ido.

Bayan azahar aka taru a inuwar bayan kasuwa. Manoma a gefe ɗaya, Fulani a ɗaya gefen da sandunansu a kwance a gabansu, Arɗo a tsakiyarsu da farin rawani. Malam Idi ya zauna a gaba, dogo ne mai furfura a gemu, ya ɗaure fuska. An aro lasifika daga wani mai tallan magani a kasuwa, wanda ya kafa sharaɗin a bar shi ya zauna kusa da kayansa. Malama Saude ta ɗora kwamfutar a kan benci, ta jona, ta danna.

Muryar Baba Tanko ta tashi a wurin, da shessheƙar mai tafiya da ƙarar takalmi a kan yashi. Ya yi bisimilla, ya faɗi sunansa, ya ce abin da zai faɗa zai maimaita shi gaban Allah. Ya fara daga gawo mai rami, ya bi ta tsohuwar rijiya, yana ambaton gonar wane da ta wane. Duk wanda aka ambaci gonarsa sai ya gyaɗa kai. Sannan ya zo kan tasa.

"Tawa gonar ta tsaya ga gambar nan da na dasa da hannuna," in ji muryar. "Tsamiya ba tawa ba ce. Ta shanu ce, nan suke hutawa tun ina yaro. 'Ya'yana sun sani, in sun manta a tuna musu."

Malam Idi ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago sai ya ce wa Malama Saude: "Ɗiyata, ƙara sa mini." Wani daga cikin manoma ya fara cewa ai an ji, Malam Idi ya ɗaga masa hannu. "Na ji iyaka. Muryar nike son in ƙara ji." Ta mayar daga farko, ya saurara har ƙarshe, hawaye na bin gemunsa bai share ba. Ni ma da nake tsaye a baya sai da na juya ina gyara hular da ba ta karkace ba.

"Baba ne," ya ce. "Na janye. Arɗo, ka ba ni kwana uku in roro wakena."

Arɗo ya ce ya ba shi biyar, kuma zai sa a bi da shanun ta yamma har ya gama. Ya miƙa masa hannu ya ce "mi yetti", wato na gode a bakinsu, sannan ya maimaita da Hausa don kowa ya ji. Aka shafa fatiha. Mutane suna miƙewa Alhaji ya yi gyaran murya ya ce a dakata.

"Saude," ya ce, "riƙe makullinki. Na yi miki gaggawa, ki yafe mini."

Duk wanda ya san Alhaji ya san wannan magana ba ta fita daga bakinsa da arha. Matan da ke tsaye a gefe suka rangaɗa guɗa, mai tallan magani ya kama lasifikarsa ya fara yi mata kirari, abokin tafiyata ya raba goronsa kaf, abin da ban taɓa gani ba tunda na san shi. Ni kuwa daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina. Mun ci nasara, jama'a, nasara sosai!

Kafin mu bar garin na yi abin da ya kamata in yi tun da bazara. Muka kwafi muryar a kile biyu masu kulle, ɗaya ya zauna a Gangara, ɗaya muka tafi da shi Agiye. Gidan su Malama Saude suka aiko mana da dambu da zabi biyu soyayyu, Fulani suka cika mana gora da nono. Washegari muka biyo ta Cadakori na gyara zubin tasu, na roƙi dattijo don girman Allah in abu ya lalace ya kira ni ko zan ji haushi. Ya ce zai duba.

Mun shigo Tibiri da la'asar, motar tana warin nono da man gyaɗa, jikina duk ya yi tsami amma raina fes. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya shiga. Na iya kulle kwamfuta yadda ɓarawo ba zai shiga ba, sai dai ban taɓa zama na tambayi masu ita da me suke aiki ba. Na shirya musu takardu alhali su da baki suke aiki. Daga yau duk inda zan haɗa irin wannan tsari, sai na wuni a buron na ga abin da ke shigowa da idona, na naɗa wa kowane iri mai buɗe shi a cikin zubi, na kashe na kunna a gaban mai wurin, sannan in ɗauki jakata.

Ina cire takalmi a zaure saƙon murya ya shigo daga Malama Saude. Ta ce tun da hantsi Arɗo ya zo buro da wasu tsofaffi uku, manomi ɗaya da Fulani biyu, sun ce ta ɗauki nasu muryoyin a kan iyakar mashaya da sauran burtalin gabas. Biyu da ƙafarsu suka zo. Na ukun ba ya iya tafiya, a amalanke aka kawo shi, kuma da ta ce su bari sai mako mai zuwa a shirya da kyau, shi ne ya ce a'a, a yi yau.